Kankare Faifan Birki ko Sauya Shi: Kurakuran da Na Gaji da Gani

A garejina da ke bakin hanyar Ringim, da wuya mako ya wuce ba a kawo motar da birkinta ke rawa ba, kuma abin da sabon bakanike yake fara furtawa shi ne a cire faifan a kai wa mai injin ƙarfe ya kankare shi. Kankarewa ba laifi ba ce, amma tana da sharaɗin da yara ba sa son ji, wato a auna kafin a yanke shawara.

Kowane faifai yana da iyakar kaurin da kamfani ya buga a jikinsa, inda za a ga MIN TH da lamba ta milimita, sai dai tsatsa kan rufe ta har sai an sa burushin waya. A yawancin ƙananan motoci, abin da ke tsakanin sabon faifai da wannan iyaka bai wuce kusan milimita 2 ba. Idan sabo 22 ne, iyakarsa 20, naka kuma ya cinye ya koma 20.5, to me inji zai samu ya ɗiba a fuska biyu? A auna a wurin da fad, wato abin da ke matse faifan idan an taka birki, yake gogawa, domin bakin faifan yana da tudu mai yaudara.

Ni kaina da kuɗina na sayi wannan darasi. Wani mai Golf da ke jigilar ’yan kasuwa zuwa Maigatari ranar Alhamis ya ce mini, "Maigida, a lallaɓa shi, bana babu hali." Na ji tausayinsa, na aika aka kankare ba tare da na auna ba. Siririn faifai ba ya iya ɗaukar zafi, ga mota maƙare da mutane da buhuna, sai birkin ya yi ta sanyi a ƙafarsa, faifan ya tsage, motar ta gangara cikin gonar gero. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ni na biya faifai biyu da gyaran gaban mota, kuma na daɗe ban iya haɗa ido da mutanen garinsu ba. Tun daga ranar, duk yaron da ya cire faifai bai ɗauko ma'auni ba, to ya ajiye mini sifana ya koma gida. Faifan da ya tsage, ko ya yi tabo shuɗi-shuɗi na ƙuna, ba na ma wahalar auna shi.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin kasala ce tsagwaronta. Sai a kawo faifai sumul daga inji, ko sabo fil daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a ɗora shi a kan hob, wato ƙarfen da faifai da taya suke zama a kai, mai tsatsa da yashi, a ɗaure notin taya a jere har mutum yana hawa kan sifana da ƙafa. Ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta karkatar da zamansa, daga nan ya riƙa cinyewa wani wuri fiye da wani, bayan 'yan watanni rawar ta dawo a ce mai inji ne bai iya aiki ba. Ni nakan goge hob har ya yi ƙyalli, in ɗaure noti a tsallake, sannu a hankali.

Gangar birki ta baya lissafinta a juye yake, domin kankarewa faɗaɗa cikinta take yi, shi ya sa lambar jikinta MAX DIA ce, wato iyakar faɗin cikinta. Da ta wuce wannan faɗi, lainin da ke danna cikinta idan an taka birki ba zai kwanta a jikinta gaba ɗaya ba, sai ka ga birki yana nitsewa, na hannu kuma ba ya riƙe mota.

Kada a sauya faifan dama a bar na hagu, kuma kada a mayar da tsohon fad a kan fuskar da aka gyara. Sabon faifai yana zuwa da maiƙon hana tsatsa, a wanke shi. Ɗan Beljiyam ma a auna shi a gaban mai shago kafin a miƙa kuɗi. Idan taya ɗaya ce kaɗai take zafi bayan gajeriyar tafiya, a fara duba kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe fad yana matse faifai, ko ta cije, domin in ba haka ba sabon faifan ma ƙonewa zai yi.