Shawara ga masu sayayya a manyan kamfanoni

Salam 'yan uwa, ni dai abin da na lura a kamfanin ƙasa da ƙasa da nake aiki nan Damagaram, kuɗi ba wajen manyan kaya yake zurarewa ba, wajen ƙananan nan ne, takarda, tawadar firinta, gazuwal na gurup (injin wuta), gyaran kilim (na'urar sanyaya ɗaki), masu gadi, kuɗin otel, kowane ofis na saye da kansa kowa da dillalinsa, sai ka ga kaya iri ɗaya farashi uku.

Ku fara tattaro faktir (takardun kuɗin kayan da aka saya) na wata 12 ku rarraba su iri-iri, wallahi za ku sha mamaki. Daga nan a rage 'yan kasuwa a ƙulla kwantiragin shekara guda da 'yan kasuwa biyu ko uku masu NIF (lambar rajistar haraji), in babu faktir na ƙa'ida TVA ɗin nan 19% (harajin da ake ƙarawa kan kuɗin kaya) ba za ku iya cire ta daga harajin da za ku biya ba. Kwamfuta da lasisi a bar wa hedikwata, su ke da ƙarfin ciniki, amma tsintsiya da sabulu don Allah a saya Kasuwar Dole, jiran mota daga Yamai ɓata lokaci ne.

Kuma mai yin oda kar ya zama shi ke karɓar kaya, ko da ɗan uwanka ne.