Ƙofar ɗakin haya a Ingila: a tambaya kafin a taɓa

Duk ɗanmu da ya sauka a Manchester ko Birmingham ya kama ɗaki, kafin sati ya zagayo sai ka ji yana cigiyar kafinta. Ko ƙofar ba sakata, ko tana gugar ƙasa, ko iyali sun iso ana neman sutura. Buƙata ce ta gaske, amma ku tsaya ku ji.

Aikin kansa ba wuya. Ƙofar ɗaki a nan yawanci tsawonta milimita 1981 ne, faɗinta 762, kaurinta 35, kuma ana samu a shagunan kayan gini irin su B&Q da Wickes. A fara kafa firam tsaye cak kafin a ɗaure shi, a bar tazarar milimita 3 tsakaninsa da ƙyauren. Bangon tsofaffin gidaje yakan karkace, sai a auna sama da tsakiya da ƙasa. Ƙofofi masu arha cikinsu kwali ne, in aka rage su da yawa sun tashi aiki.

Inda ake kuka shi ne wajen mai gida. Ƙofar nan tasa ce, kuma ranar da ka shiga an ɗauki hotonta. Kuɗin ajiyar da ka bayar, wanda dokar 2019 ta ce kada ya wuce hayar sati 5 a yawancin gidaje, daga cikinsa za a cire duk ɓarnar da aka gani. "Ai ya ce min ba komai" ba ta aiki a ƙasar nan. Ka tura masa imel, ka jira amsa a rubuce, ka adana. Ka kuma tabbatar ya saka ajiyarka cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomi 3 masu kare kuɗin ajiya da gwamnati ta amince da su, domin can za ka kai ƙara in an yi gardama.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne gidajen haɗaka, inda mutane daban-daban ke hayar ɗaki-ɗaki a gida guda. Ƙofofinsu galibi na tare wuta ne, kaurinsu 44, hinjinsu uku, an yi su don su riƙe gobara minti 30. Na shiga ɗakin wani ƙanenmu na tarar ya kwance ƙarfen da ke mayar da ƙofa da kanta, wai ƙararsa na tashin maƙwabta in ya fita Asuba, ya kuma huda ƙyauren ya maƙala kwaɗo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Gobarar dogon benen Grenfell da ke London ta 2017 ta ci mutum 72, kuma ƙofofin da ba sa rufe kansu suna cikin abin da ya ba hayaƙi hanya. In kwaɗo ya rufe mutum a ciki, wa zai nemo mabuɗi cikin duhu?

Alhamdu lillahi, a cikinmu akwai kafintocin da suka daɗe a nan, sun san dokar. Ku tambayi dattawa bayan Juma'a su haɗa ku. In mai gida ya yarda aka sauya, a ajiye tsohuwar ƙofar da hinjinta har ranar tashi.