Yadda na daina tsallake maganin HIV

Shekara bakwai ke nan ina shan maganin HIV. A shekarar farko na yi ta tsallake kwanaki, kuma ba wuyar haɗiya ce ta hana ni ba, ɓoyo ne. Na cusa robar maganin can ƙasan akwati. Idan akwai mutum a ɗaki sai in ce bari ya fita tukuna, shi kuwa ya ƙi fita, barci ya kwashe ni.

Saboda haka, kafin komai, ka nemi mutum ɗaya tak wanda ka yarda da bakinsa, ka faɗa masa. Ba sai duniya ta sani ba. Ni yayata na faɗa wa. Ta yi kukanta ta share hawaye, tun daga ranar kuwa ba ta fashin tambayata, "Ƙanena, ka sha?" Idan babu wanda ka aminta da shi a gida, tambayi ma'aikatan asibitinku ko akwai ƙungiyar masu ɗauke da cutar. Zama da waɗanda suka riga ka shiga wannan hali yana rage nauyin tsangwama sosai.

Sai lokacin sha. Ka haɗa shi da abin da ba ka fasawa kullum, kamar wanke baki da safe, ka kuma saita ƙararrawa a waya. Yawancinmu yanzu ƙwaya ɗaya muke sha a rana, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019. Ni da dare na fara, barci ya gagare ni, likita ya mayar mini da shi safe, shi ke nan. In ka manta, sha da zarar ka tuna, amma in lokacin na gaba ya matso, kada ka haɗa biyu.

Abin da ba a faɗa mini da wuri ba: maganin ƙwannafi da na ƙarin jini da ƙwayar kalsiyam suna hana jiki tsotse dolutegravir. Ka sha naka awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Idan tarin fuka ya kama ka aka ba ka rifampicin, dole likita ya ƙara maka dolutegravir, don haka ko wane magani za a rubuta maka, ka faɗi abin da kake sha.

Kada ka auna lafiyarka da ƙiba ko kyawun fata. Gwajin yawan ƙwayar cuta a jini shi ne alƙali: wata 6 bayan farawa, a wata na 12, sannan duk shekara. Ka tambayi lambar sakamakon gwajinka, ka rubuta ta. Wanda tasa ta zauna ƙasa da 200 ba ya sa wa abokin zamansa cutar ta hanyar saduwa. Ranar da na ji haka na daina yi wa kaina kallon haɗari.

Akwai watannin da zuciyata ta mutu, wanka ma sai da ƙyar, balle magani. Wannan ciwon damuwa ne, ana kuma maganinsa, ka faɗa a asibiti. Giya ma tana sa mantuwa. In kuwa nisa ko kuɗin mota ne matsalarka, da zarar gwajinka ya yi kyau ka nemi a riƙa ba ka maganin wata 3 zuwa 6 a lokaci ɗaya, ka kuma koma karɓa tun da sauran na mako guda a hannunka.