Yadda ake buga fenariti irin ta Harry Kane a filin yashi

Harry Kane, ɗan wasan gaba na Ingila wanda aka haifa a Landan a 1993, Arsenal ta sallame shi yana yaro, Tottenham kuma ta yi ta ba da shi aro ga Leyton Orient da Millwall da Norwich da Leicester kafin ya samu gurbi. Da fenariti ya karya tarihin Rooney na ƙwallo 53 a tawagar Ingila, a wasa da Italiya a 2023. Bugun nasa abin koyo ne, ko a filayen Birni da Zango na Damagaram.

Fara da awo. Daga layin raga zuwa wurin ajiye ƙwallo mita 11 ne. Faɗin raga mita 7.32, tsayinta 2.44. Yara da yawa suna atisaye daga taku takwas, ranar wasa sai ragar ta yi musu nisa. A filin yashi, tattake wurin da ƙafa har ya yi tauri, musamman inda za ka dasa ƙafar tsayawa. In ƙwallon ta zauna cikin rami, ƙasa za ka tona.

Zaɓi kusurwa tun kana ajiye ƙwallo, kada ka sauya. Ja baya taku huɗu ko biyar, ka ɗan karkace, ka ja numfashi bayan usur. Ba wanda ke korar ka. Ƙafar tsayawa ta sauka a gefen ƙwallo, tazarar kamar tafin hannu, yatsunta na kallon inda kake nufi. Ka daki tsakiyar ƙwallo da cikin ƙafa, idon sawu a ƙage, ƙirji a sunkuye bisa ƙwallo. Ragar gefe ake nema, da ƙarfi, don ko gola ya gane ɓangaren ba zai cim mata ba. Wadda ta zo daidai ƙugunsa ita ce ya fi saurin kamawa.

Ƙwallo tana tashi sama ne in ƙafar tsayawa ta tsaya baya, ko jiki ya kwanta baya, sai ƙafa ta shiga ƙarƙashinta. Kane kansa, a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, ya ci Faransa fenariti ta farko, ta biyun ta haura saman raga, aka fitar da Ingila 2-1. Golan Faransa kuwa Lloris ne, abokin wasansa a Tottenham a lokacin, wanda ya san bugunsa sarai. Shi ya sa ya kamata ka iya ɓangarori biyu, har da tsakiya.

A yi atisayen a ƙarshen horo, lokacin da ƙafafu suka gaji, bugu goma a kowane ɓangare, da gola na gaske da ƴan kallo masu ihu. Doka ta yarda ka ɗan dakata cikin gudu, amma in ka iso ƙwallo ka yi kamar za ka buga ka fasa, katin gargaɗi ne, kuma ko ta shiga ba a ƙirga ta.