Yadda Ake Shirya Ziyarar Biranen Andalus: Ƙurɗuba, Ishbiliya da Garnaɗa

Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya san Andalus, ko da bai taɓa duba inda take a taswira ba. Muwaɗɗar da ake karantawa a wajenmu riwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba wanda ya rasu a shekarar 848. Alƙurɗubi mai tafsiri ɗan garin ne, haka ma Alfazazi mai Ishiriniya, sannan Alƙali Iyal mai Ashafa ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa. Waɗannan birane suna nan har yau a kudancin Sifaniya, ana zuwa su cikin jirgin ƙasa, kuma mutum zai iya ganinsu cikin kwana shida ko bakwai idan ya tsara tafiyarsa da kyau. A jikin tikiti da allunan tasha za a ga an rubuta Córdoba, Sevilla da Granada, don haka ya kamata matafiyi ya riƙe wannan rubutun.

Abin da na fi so mai karatu ya ɗauka shi ne ya bi biranen bisa jerin tarihinsu, domin kowannensu yana wakiltar zamani dabam. Musulmi sun ƙetara zuwa yankin a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyad. Ƙurɗuba ita ce ta zamanin ƙarfi, tun daga 756 lokacin da Abdurrahman na Ɗaya, wanda ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa Umayyawa, ya kafa mulkinsa a can. Abin da ya rage a Ishbiliya yawancinsa na zamanin Almuwahhidun ne da suka zo daga Maroko. Garnaɗa kuwa ita ce ta ƙarshe, daular Banu Nasar da ta rayu kimanin shekara 250 tana kewaye da masarautun Kirista, har aka miƙa ta ranar 2 ga Janairu, 1492. Wanda ya fara da Garnaɗa ya karanta littafi ne daga bangon baya.

Batun biza shi ne farkon aiki. Sifaniya tana cikin ƙasashen Shengen, bizarsu ta yawon buɗe ido tana ba da damar zama har kwana 90 cikin kwana 180, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Ana buƙatar fasfo mai sauran wa'adi, inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, shaidar masauki da ta jirgin dawowa, da bayanan asusun banki. Kada a jinkirta neman ranar ganawa, domin nan ne ake yawan samun tsaiko.

Game da lokaci, Afrilu da Mayu ko Oktoba sun fi dacewa. A Yuli da Agusta zafin Ƙurɗuba da Ishbiliya kan haura digiri 40, kuma kada wani ya ce ai ya saba da rana a gida, domin ziyarar nan ta tafiyar ƙafa ce daga safe zuwa yamma a kan titunan dutse. Garnaɗa tana gindin tsaunukan Sierra Nevada, tana da sanyi mai tsanani a Disamba da Janairu. A makon da ke gabanin bikin Ista garuruwan suna cika maƙil da jerin gwanon coci, masauki ya yi tsada. A farkon Mayu kuma mutanen Ƙurɗuba suna buɗe tsakar gidajensu da suka ƙawata da tukwanen furanni don baƙi su shiga su gani, al'adar da UNESCO ta sanya a jerin gadon duniya a 2012. Wanda tafiyarsa ta dace da wannan lokaci ya ci riba biyu.

Daga tashar Atocha a Madrid jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Ƙurɗuba cikin ƙasa da awa biyu. A ba garin kwana biyu cur, kada a yi masa ziyarar ratse kamar yadda masu motocin yawon buɗe ido suke yi.

An fara gina babban masallacin Ƙurɗuba wajen shekarar 785, sannan Abdurrahman na Biyu, da Alhakam na Biyu, da waziri Almansur suka yi ta faɗaɗa shi har ya kai girman da yake da shi yanzu. Ana shiga ta farfajiyar itatuwan lemo, inda a da ake alwala. Hasumiyar da ke gefe tana ɗauke da ƙararrawar coci, amma a cikinta akwai ragowar hasumiyar kiran sallar da Abdurrahman na Uku ya gina. Idan mutum ya shiga ciki, ya dakata kaɗan idanunsa su saba da duhun wurin, sannan ya kalli ginshiƙi guda ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Ginshiƙan farko an ɗebo su ne daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka gaje su, kuma gajeru ne, ba za su iya ɗaga rufi yadda ake so ba. Sai maginan suka ɗora baka a kan baka: na ƙasa yana riƙe ginshiƙan kada su karkace, na sama yana ɗauke da rufin, an jera jan bulo da farin dutse bi da bi. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizo a tsohon masallacin Juma'a na Zariya zai gane irin wannan tunanin na magini nan take. Ginshiƙan da suka rage sun kai kimanin 850, kuma a ganina wannan dabara ta fi duk wani ado da ke ginin burgewa.

Daga nan a nufi bangon alƙibla, inda mihirabin Alhakam na Biyu yake. Ƙaramin ɗaki ne mai zaman kansa, an kewaye ƙofarsa da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi da ruwan zinariya, an rubuta ayoyi da rubutun Kufi. Gwanin wannan aiki daga Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yanzu, aka aiko shi, daga fadar sarkin Rum, abin da ke nuna irin hulɗar da ke tsakanin fadodin biyu a ƙarni na 10. Akwai shinge a gabansa, don haka a tsaya a gefe har taron ya rage, sannan a ɗaga kai a kalli ƙubbar da ke sama.

Dole matafiyi Musulmi ya san abu guda tun daga gida. Bayan Sarki Fernando na Uku ya ci garin a 1236 an mayar da ginin coci, a 1523 kuma aka fara gina babbar majami'a a tsakiyarsa, kuma har yau hukumar coci ce take kula da shi. Ba a yarda a yi salla a ciki ba, masu gadi suna lura, suna kuma tsayar da duk wanda ya fara. Abin yana sosa zuciya, ba na musun haka, amma baƙo ba ya gyara dokar garin da ya sauka da rigima. A yi salla kafin a shiga, akwai ƙananan masallatai a cikin garin. Ya kuma dace a tuna cewa amfani da ginin da aka ci gaba da yi shi ne ya sa aka riƙa gyara shi, alhali babban masallacin Ishbiliya rushe shi aka yi. An saba barin mutane su shiga kyauta da sassafe na awa ɗaya a ranakun da ba Lahadi ba, amma a tabbatar a shafin hukumar wurin kafin a dogara da hakan.

Rana ta biyu ta Madinatuz Zahra ce, kimanin kilomita takwas yamma da gari. Abdurrahman na Uku ya ayyana kansa halifa a 929, ya fara gina wannan birnin fada wajen 936, amma bai kai shekara tamanin ba aka wawashe shi a fitinar da ta wargaza halifancin. Ana sauka a gidan kayan tarihi da ke ƙasa, sannan mota ta hau da mutane zuwa kufan. A fara da gidan tarihin, in ba haka ba mutum zai ga duwatsu ne kawai bai san me yake kallo ba. Ba a buɗewa ranar Litinin, kuma babu inuwa sosai, sai a tafi da ruwa da hula. Da yamma a zaga tsohuwar unguwar Yahudawa, inda akwai majami'arsu ta 1315, da mutum-mutumin malaminsu Musa ɗan Maimun, da na Ibnu Rushdi a kusa da ganuwa.

Ishbiliya tafiyar minti 45 ce a jirgin ƙasa, kuma kwana ɗaya ya isa. Abu biyu ake nema. Na farko hasumiyar Giralda, wadda Almuwahhidun suka gina tsakanin 1184 da 1198, 'yar'uwar hasumiyar Kutubiyya ta Marakish. Ba matakala ake hawa ba, gangara ce mai faɗi da take zagayawa har kusa da sama, don haka dattijo ma zai iya hawa a hankali. Na biyu fadar Alcázar, wadda sarki Kirista, Pedro na Ɗaya, ya sa aka gina sashenta mafi kyau a 1364 da hannun magina Musulmi, shi ya sa za a ga rubutun Larabci a bangon fadar da ba ta Musulmi ba.

Garnaɗa ita ce wurin da rashin shiri yake jawo asara. Tikitin fadar Alhamra yana ƙarewa makonni kafin ranar, musamman a bazarar Turai, don haka da zarar biza ta fito a saye shi daga shafin hukumar da ke kula da fadar, a guji 'yan tsakani masu ninka kuɗi. Tikitin yana ɗauke da suna da lambar fasfo, kuma fasfon na asali ake nunawa a ƙofa. An rubuta wa kowa lokacin shigarsa sashen fadodin Banu Nasar, wanda ya makara kuma ba a barinsa ya shiga. Daga babbar ƙofa zuwa wannan sashe akwai tafiyar kusan minti ashirin, sai a isa da wuri.

A ciki, wanda ya iya karanta Larabci ya fi kowane baƙo morewa, domin bangon magana yake yi. Taken gidan sarautar, «Wa la galiba illallah», yana maimaituwa a ko'ina, tare da ayoyi da baitocin Ibnu Zamrak, mawaƙin fada kuma waziri. A zauren karɓar jakadu da ke cikin hasumiyar Comares, na zamanin Yusuf na Ɗaya, rufin katako ne da aka haɗa daga gutsattsari fiye da 8,000 don wakiltar sammai bakwai, an kuma rubuta Suratul Mulki a ƙarƙashinsa. A tsakar gidan zakuna, wanda Muhammadu na Biyar ya gina, zakunan marmara goma sha biyu suna ɗauke da kwanon ruwa, ƙananan magudanai huɗu kuma sun haɗa shi da ɗakunan da ke kewaye. Ruwan duka daga kogin Darro aka jawo shi ta hanyar magudana mai bin gangaren tsauni, kuma a lambunan Generalife ne aka fi ganin yadda aka sarrafa shi. A ware awa huɗu aƙalla. Za a ga wata babbar fada ta dutse mai zagayayyen tsakar gida a gefe, ta Sarki Carlos na Biyar ce, an fara ta a 1527.

Washegari a sauka cikin gari a ga Madarasar Yusufiyya ta 1349, da Corral del Carbón wanda masaukin fatake ne a ƙarni na 14, sannan a hau unguwar Albaicín da ke fuskantar fadar. A can ne masallacin Juma'a na Garnaɗa yake, wanda aka buɗe a 2003, kusa da dandalin San Nicolás, kuma daga lambunsa ana hango Alhamra gaba ɗaya. Daga wannan gari ne Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙi kuma masanin gini, ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324 ya biyo shi Mali. Musulmin da suka rage bayan 1492 an tilasta musu barin addininsu, daga baya kuma aka kori zuriyarsu tsakanin 1609 da 1614, da yawansu suka koma Arewacin Afirka.

Sai batun ci da sha, wanda yake buƙatar lura, domin naman alade ya ratsa girkin yankin. A riƙe kalmomi uku: cerdo shi ne alade, jamón busasshiyar cinyarsa, manteca kuma kitsensa, wanda ake sa wa wasu kayan zaƙi. Salmorejo, miyar tumatir mai sanyi da Ƙurɗuba ta shahara da ita, ana barbaɗa mata jamón a kai, sai mutum ya ce «sin jamón» tun wajen oda. A Garnaɗa an saba kawo ɗan abin taɓawa kyauta tare da abin sha, don haka a tambaya kafin a kai baki. Kifi da abincin teku suna da yawa, kuma a titin Calderería Nueva akwai shagunan shayi da gidajen abincin halal na 'yan Maroko. Mutanen ƙasar suna cin abincin rana wajen ƙarfe biyu, na dare kuma bayan tara, ƙananan shaguna da dama suna rufewa da azahar su sake buɗewa da la'asar. Agogon Sifaniya daidai yake da na Najeriya da Nijar a lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yana gaba da awa ɗaya, kuma a watan Yuni magariba ba ta yi sai bayan tara da rabi na dare, don haka a sauke jadawalin salla na kowane gari a waya kafin a bar masauki.