Yadda ake zuwa kwas ɗin dokar ƙasa da ƙasa a birnin Hague

Makarantar Dokar Ƙasa da Ƙasa ta Hague, a ƙasar Holan, ta fara koyarwa tun 1923, kuma tana harabar Fadar Zaman Lafiya, inda Kotun Duniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya (ICJ) take zama. Tsakanin Yuli da Agusta tana yin kwas biyu, kowanne mako uku: ɗaya kan dokar da ke tsakanin ƙasashe, ɗaya kan shari'o'in mutane da kamfanoni da suka ƙetare iyaka. Da Turanci ko Faransanci ake karatun, akwai tafinta.

In kana son tallafin karatu, ka nema tun farkon shekara, don ana rufe shi da wuri.

Biza ce ke kayar da mutane. Ta Shengen ake nema, wato bizar haɗin gwiwa ta wasu ƙasashen Turai har da Holan, ta gajeren zama. Fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar dawowarka, da shafi biyu babu tambari, sai inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin magani na aƙalla Yuro 30,000. Kada ka zuba maƙudan kuɗi a asusunka ana gobe miƙa takardu. Jami'in biza zai ɗauka aro ne.

Takardar halarta kusan kowa na samu. Difloma kuwa sai an ci jarrabawa mai tsauri, ƙalilan ne ke haye ta.