Kurakuran da masu kallo suka fi yi da finafinan Kirsimeti masu haɗa tsoro da dariya

Akwai wani rukuni na finafinan Amurka da Turai da ake gina labarinsu a kan bikin Kirsimeti, sai dai a maimakon zumunci da musayar kyaututtuka, ana cika su da dodanni da barkwanci. Da yawa daga cikin masu kallo suna tashi ba su gamsu ba, kuma galibi matsalar tana ga yadda suka tunkari fim ɗin.

Kuskuren da ya fi illa shi ne mutum ya ga bishiyar Kirsimeti da dusar ƙanƙara a hoton fim, ya ɗauka na yara ne, ya kunna musu ya fita harkarsa. Fim ɗin Gremlins na 1984, wanda Joe Dante ya ba da umarni, ya fara ne da wata 'yar halitta mai laushin gashi da manyan idanu da wani uba ya sayo wa ɗansa kyauta, amma can gaba za a ga uwar gidan tana kashe dodanni a kicin, ɗaya a injin markaɗe, wani a na'urar ɗumama abinci. Koken iyaye a kan wannan fim da wani na Indiana Jones yana cikin dalilan da suka sa aka ƙirƙiro matakin PG-13, wato alamar gargaɗin iyaye cewa fim na iya ƙunsar abin da bai dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba, a Amurka a shekarar. Gyaran shi ne a duba alamar shekaru, kuma babba ya riga yara kallo.

Wasu kuma suna zuwa ne da niyyar jin tsoro zalla, don haka duk lokacin da aka sako raha sai su ga an ɓata musu lissafi. Ai daɗin irin wannan fim yana cikin karon da ake yi tsakanin natsuwar biki da ɓarnar da ta faɗo masa, kamar a ce ana tsakiyar walima kura ta shigo zaure. Wanda ya yarda a razana shi a kuma ba shi dariya a fitowa guda, shi ne zai more.

Daga nan sai masu tsallake farkon fim don su isa wurin dodo. A fim ɗin Krampus na 2015, minti ashirin ɗin farko cike suke da turereniyar masu sayayya da habaicin dangi a kan teburin abinci, har yaron gidan ya fusata ya yayyaga wasiƙar da ya rubuta wa Santa, dattijon almara da ake cewa yana kai wa yara kyautar Kirsimeti. Wannan ne ya jawo bala'in, kuma wanda bai gan shi ba zai ɗauka dodon ya zo ne haka kawai. Yana da kyau kuma a san cewa ba marubutan fim ne suka ƙago wannan dodo mai suna Krampus ba. Tsohuwar al'ada ce ta ƙasar Ostiriya da yankin Bavariya na Jamus, inda a daren 5 ga Disamba maza ke sa ƙaho da sarƙoƙi suna tsoratar da yara marasa ji.

Akwai kuma masu neman hujja a kan komai. A Gremlins an ce kada a ciyar da halittar bayan sha biyun dare, sai wasu su tsaya gardamar ƙarfe nawa haramcin yake ƙarewa. Masu fim ɗin sun san dokar ba ta da kai, domin a kashi na biyu da ya fito a 1990 su da kansu suka sa 'yan wasa suna yi mata ba'a.